Kawu Bob Ya Rasa Masauki

Ranar Talata da hantsi, wajen ƙarfe goma, Malam Haladu Kibiya ya shigo ma'aikatarmu sanye da kwat mai ruwan toka a kan doguwar riga, da jakar fata a hammata. Ma'aikatar tamu ta wallafa littattafan makaranta ce, kuma a lokacin manyan ayyuka biyu muke fama da su. Ɗaya kundin ilimi ne da Hausa, irin wanda ake tara bayanin komai a ciki, tun daga kada har taurari, yana hannun Dakta Balaraba. Ɗayan ƙamus ne na Ingilishi zuwa Hausa don 'yan sakandare, yana hannun Dakta Lurwanu. Ofisoshinsu suna kallon juna, teburina na duba kura-kuran bugu kuma yana barandar da ke tsakani. Don haka ba labari aka ba ni ba.

Malam Haladu tsohon malamin Turanci ne. Yana saurayi aka tura shi kwas Ingila, bai cika shekara ba ya dawo, amma ya dawo da abu biyu da bai ƙara rabuwa da su ba: kwat ɗin nan, da maganganun da ya kwaso a bakin tsohuwar da ya yi haya a gidanta. Ba Turancin littafi ba, na tsakar gida, irin wanda mutanen Ingila ke yi a layin motar haya da wajen shan shayi. Duk wanda ya ratsa ajinsa ya san in hadari ya ɓarke Malam zai leƙa taga ya ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka. Ɗalibin da ya iya aikinsa, Malam ya ce ya san albasarsa. In ya gama nuna maka yadda ake abu, sai ya tafa hannu ya ce Bob kawunka ne, wato shi ke nan, an gama. Da Turanci yake fara faɗa, sannan ya fassara, sannan ya jira a yi mamaki.

Dakta Balaraba da Dakta Lurwanu duk a hannunsa suka tashi. Shi ya sa da ya yi sallama a ƙofar Dakta Balaraba ta miƙe tsaye, ta ba shi kujerarta ta koma ta baƙi.

Bayan an gaisa ya buɗe jaka ya fito da rubutu mai kauri, ɗaure da zare. Ya ce, "'Yar nan, na ji kuna tara ilimin duniya a wuri ɗaya. Na ce kada a gama a ce ban kawo nawa ba. Maganganun mutanen Ingila ne na yau da kullum, duk da bayaninsu. Sai ki nema musu wuri a kundi."

Dakta Balaraba ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe, ta karanta shafin farko, ta tsallaka tsakiya, ta leƙa ƙarshe. Na san ta, in abu ya dame ta sai ta hau gyara zaman gilashinta. Ta gyara shi ya fi a ƙirga.

"Allah gafarta Malam, wannan aiki ne babba. Wallahi babba ne. Girmansa ne ma ya sa nake tsoron kada mu sauke shi a gidan da ba nasa ba."

"Kamar yaya?"

"Shi kundi, Malam, a kan abu yake magana. In ka buɗe wajen albasa, za ka tarar da inda ake noma ta, da lokacin cire ta, da cutar da ke kama ta. Amma a ce mutum ya san albasarsa, ai ba albasa ba ce, magana ce. Magana kuwa gidanta ƙamus. Ga ɗanka Lurwanu can, kullum kukan da yake yi ke nan, bai samu wanda ya ji Turanci daga bakin masu shi ba."

Ban taɓa jin Dakta Lurwanu ya yi wannan kukan ba. Amma Malam ya ji daɗi, ya ɗaure rubutunsa, ya ratsa ta gabana ya shiga ɗaya ofishin.

Dakta Lurwanu Bakano ne, ita kuma Bazazzagiya, don haka ko ba dalili ba sa raga wa juna. Ga shi Malam ne ya karɓa masa auren matarsa, ba shi da bakin cewa a'a. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya aika aka kawo shayi, ya hau karatu. Ya faɗa kan wata magana da tsohuwar take yi in za ta zaga banɗaki, wai za ta je ta kashe kobo. Malam bai tsaya ga ma'ana ba. Ya kawo labarin ranar da ya fara jin ta a tashar jirgin ƙasa, da yadda ya ce zai raka ta kantin ya riƙe mata kaya, da irin kallon da ta yi masa, da sanyin da aka yi ranar, da kalar hular da ta sa. Labarin ya ci shafuka. Shi kuwa ƙamus an kusa kai shi ɗab'i, kowace kalma an matse ta kamar fasinjan bayan a-kori-kura.

Ya ajiye takardun a hankali ya ce, "Baba, wannan ai alheri ne ya biyo ni har ofis. Yau ɗin nan zan sa a fara shigar da su. Sai dai ka san tsarin ƙamus, kowace magana layi biyu take samu."

"Layi biyu? To labarin tashar jirgin fa?"

"Sai dai mu bar shi a tashar, Baba."

Malam ya kurɓi shayi. "To ba komai. A ƙarƙashin kowacce za a sa sunan nawa, ko sau ɗaya a ƙarshe?"

Nan na ga idon Dakta Lurwanu ya yi haske, kamar wanda ya daɗe yana laluben ƙofa a duhu.

"Af, Baba, ai ƙamus ba a sa suna. Ba ka ga ko ni ba a sa nawa a ƙarƙashin kalma ba? Akwai dai shafin godiya a gaba, da ƙananan baƙaƙe. A nan za ka shigo, inda aka ce da sauran waɗanda suka taimaka."

"Da sauran?"

"Da sauran. Kundi ne ake rubuta sunan mutum ɓaro-ɓaro a ƙarshen babinsa, har da garinsu."

Malam ya ajiye kofi, ya ja zarensa ya fara ɗaure rubutu.

Da ya fito bai wuce kai tsaye ba, ya zauna a bencin da ke kusa da teburina yana fifita da hula. A nan ya faɗa min abin da ke ƙasa. A majalisar da suke zama bayan la'asar akwai wani Alhaji Sallau, tsohon malamin daji, wanda Dakta Balaraba ta karɓi babinsa a kan itacen kuka. Tun ranar da aka kai masa gwajin bugu ya gani, da sunansa a ƙasa, ba a ƙara shan iska a majalisar ba. A aljihu yake yawo da shi. Shi kuwa Malam, cikin zafin zance, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa shi ma nasa babin yana hanya, kuma sai ya fi na kuka tsawo. Yanzu kullum in ya iso sai Alhaji Sallau ya matsa masa a tabarma ya ce, "Bature, a wane harafi zan neme ka?"

"Kin ga kuwa," in ji Malam, "ba zan koma in ce masa ya neme ni a cikin da sauran ba."

Kafin ya tashi Dakta Lurwanu ya leƙo ya yi masa guzurin hujja. "Baba, ka duba rubutun nan da kyau. Akwai dabbobi a ciki, ga kyanwa ga kare. Akwai ruwan sama. Akwai kuɗi. Akwai noma, tunda ga albasa. Har mutum akwai, shi wannan Bob ɗin. Duk sassan kundi ne waɗannan. Ni ban san me ya sa Zage-zagi ke gudun alheri ba."

Malam ya koma wajen Dakta Balaraba ya zazzage mata su yadda aka ba shi. Ta saurara har ya gama, sannan ta ɗauki biro.

"To Malam, mu fara da mutumin. In mutum zai shiga kundi akwai abin da muke tambaya. Shi Bob ɗin, ɗan wane ne?"

"Bature ba ya tambayar asali."

"Wane gari aka haife shi?"

"Tsohuwar ba ta faɗa ba."

"Yana raye ko ya mutu?"

"Ban ji an yi zaman makokinsa ba."

"To kawun wa ne takamaimai?"

"Na kowa. Duk wanda aka faɗa wa, kawunsa ne."

Daga can ƙetaren baranda Dakta Lurwanu ya ɗaga murya. "Kin ji ko, baiwata? Mutumin da ƙasa guda ke kira kawu, a ce bai isa ya samu shafi ba? Kuka ma da ba ta da ɗan ɗan'uwa ko ɗaya kin ba ta."

"Kai dai Bakano, in kaya ba su da riba ka iya tura wa maƙwabci," in ji ta.

Haka aka yi ta yi. Malam ya zo wannan ofis a yabi aikinsa a nuna masa wancan, ya je wancan a ƙara yabo a dawo da shi. Ban taɓa ganin rubutun da ya sha yabo irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin wanda aka ƙi riƙewa kamarsa ba. Har masu shara suka saba, in sun hango kwat sai su ce Kawu Bob ya iso. Lokacin rufe karɓar babi kuwa yana ta matsowa.

Daga ƙarshe magana ta kai ga shugaban ma'aikata, Farfesa Badamasi. Shi bai yi ajin Malam ba, amma tasa ta fi tsanani, don 'yar ƙanin Malam yake aure. Surukuta ta hana shi ko haɗa ido da shi. Ya tara su a ofishinsa, aka kira ni in zauna saboda ni zan san yawan shafukan da suka rage. Ya ce kowa ya kawo hujjarsa, shi dai mai sauraro ne, ya kafa wa silin ido.

Dakta Lurwanu ya maimaita nasa, kyanwa da kare da albasa. Dakta Balaraba ta bar shi ya gama. Ranar ko sau ɗaya ba ta taɓa gilashinta ba, na san da shiri ta zo.

"Ranka ya daɗe, mun daɗe muna musu a kan maganar mutane ba mu tambayi masu ita ba. Akwai 'yar yayana, Nusaiba. A Ingila aka haife ta, can ta yi karatu, can take aure, nas ce a gidan kula da tsofaffi. In an yarda in kira ta mu ji."

Malam ya gyara wuyan kwat. "Kira ta. Yau za a ji Turanci."

Ta jingina wayar da kwalbar ruwa yadda kowa zai gani. Sai ga wata mata da kayan aiki da ɗan kwali, tana tauna wani abu.

"Gwaggo! Ina wuni. Au, ina kwana. Wanne ne a wajenku?"

"Kowanne kika ba mu mun karɓa. Ga malamina nan, gaishe shi. Ya zauna a ƙasarku tun babanki bai yi wayo ba."

"Sannu Baba, ina gajiya?"

Malam ya matso da kujera ya saki Turanci. Ya tambaye ta ko har yanzu ana ruwan kyanwoyi da karnuka a can. Ya ce ya ji labari ta san albasarta a wajen aiki. Ya ce rabonsa da ƙasar shekarun jaki ke nan, wato an daɗe. Ya rufe da cewa ita ɗin gwiwar ƙudan zuma ce, wanda a wajen tsohuwarsa shi ne ƙarshen yabo.

Nusaiba ta dafe ƙirji tana dariya har wayarta na rawa. "Wayyo Allah, Baba! Gwaggo, a ina kika samo shi? Sak wani tsoho da muke da shi a ɗakin ƙarshe. Don Allah Baba ƙara faɗin na zuman."

Malam ya ƙara, yana murmushi, yana satar kallon Farfesa.

Dakta Balaraba ta ce, "Tsaya, Nusaiba. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki faɗa min gaskiya. Waɗannan maganganun, ana yin su yanzu? A titi, a kasuwa, a makarantar yaranki?"

"A titi? Kai, Gwaggo. In na faɗa wa yarana haka ai sai su zaci maganin tsofaffin na sha bisa kuskure. Ɗaya ko biyu kana iya ji jefi-jefi, shi ma da wasa. Ni dai a wajen aiki nake jin su. Mai yawan faɗin na zuman ma bara ya mutu. Tun daga nan ban ƙara ji ba sai yau."

Aka yi sallama, wayar ta ɗauke. Dakta Balaraba ta juyo, ta sassauta murya, don ba muguwa ba ce.

"To ranka ya daɗe, ka ji. Ba laifin Malam ba ne, zamani ne ya wuce. Masu maganar ma sun bar ta. Ina ganin kada mu wahalar da kowa, ba kundi ba ƙamus. Mu sa a buga wa Malam kwafi mai kyau, da bango, ya ajiye a gida."

Murmushin Malam ya tafi, ya sa hannu ya jawo rubutunsa, ya hau neman bakin zaren bai same shi ba. Farfesa ya bar silin ya koma kallon takalminsa. Ni kaina sai da na ji ba daɗi, don na san tabarmar da ke jiransa bayan la'asar.

Sai Dakta Lurwanu ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya girgiza kai.

"Ashe rasuwa aka yi ba mu sani ba. Baba, sai haƙuri." Ya juya wajen Farfesa. "Ranka ya daɗe, ni yanzu na fita. Ƙamus ɗina na 'yan makaranta ne, maganar da ke yawo da ƙafarta nake ɗauka. Amma ina da 'yar tambaya ga Dakta. Daular Rum tana cikin kundinki?"

"Tana ciki."

"Akwai mai kwana a cikinta yau?"

"Lurwanu, kada ka fara."

"Kuɗin wuri fa, na ga babinsa a teburin baranda. Akwai mai sayen goro da shi yanzu?"

"Wannan ai tarihi ne."

"Madalla. Abin da aka yi da, aka daina, masu yinsa suka mutu, mene ne sunansa?"

Hannun Dakta Balaraba ya tafi wajen gilashinta.

"Shaidar nan ba ni na kawo ta ba," in ji shi. "'Yarki ce, da wayarki, da katinki. Ita ta tabbatar sun cika. Mu masu ƙamus unguwarzoma ne, sababbin haihuwa muke karɓa. Maƙabarta a unguwarku take."

Farfesa Badamasi ya ɗago kai a karon farko tun da aka zauna, fuskarsa kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya tambaye ni ko akwai sauran wuri a sashen tarihi. Na ce akwai, in an rage labarin hular tsohuwa. Ya ce a rage hular, a bar tashar jirgi, a sa babin da sunan Malam da garinsu a ƙasa. Ya miƙe da sauri ya ce yana da wani taron, ya fice daga ofishinsa ya bar mu a ciki.

A baranda Malam ya tsaya a teburina yana faɗa min yadda ake rubuta Kibiya, kamar yau na fara jin garin. Dakta Balaraba ta fito da rubutun a rungume, ta tsaya a gabansa. Ta yi dariyar wanda aka kayar, ta ce:

"Malam, na karɓa, kuma zan gyara shi da hannuna. Amma tsakani da Allah, wa zai buɗe kundi ya karanta maganar da masu ita ma suka daina yi?"

Malam ya saƙala jakarsa a hammata ya dube ta ta saman ido, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya yi tambaya bai yi tunani ba.

"'Yar nan, duk shekarun da na yi ina koyarwa akwai kundin Turawa jere a bayan kujerata, ban taɓa ganin wanda ya buɗe kundi ba sai mai neman suna. Ni zan buɗe in ga nawa. Sallau zai buɗe ya ga ko ƙarya nake. Mutum biyu ke nan. Nuna min babin da ya fi nawa kasuwa."